Kunun Gayya

Salamar Yesu Almasihu ta kasance tare da ku, 'yan'uwa. Ni ce Saratu matar Ɗanladi, daga wajen Kara.

Da tukunyar burkutu kuka san ni. Sana'ar uwata ce, kuma a wajenmu ba a kiran gayya babu giya. Da shari'a ta zo aka hana, na kife tukwanena ina hawaye. Fasto ya ce addu'armu ce Allah ya amsa. Na ce amin, ko da yake ban tuna ranar da na roƙi haka ba.

Damina ta faɗi, taki ya yi tsada, ba halin ɗaukar 'yan ƙwadago. Muka kira gayya, maza suka ce wa zai yi noma da kunu zalla? Sai wani mai tallar magani a kan keke ya nuna mini wata ƙwaya.

Na ce, "Malam, wannan ba a hana ta ba?"

Ya ce, "Haba Inna, giya aka hana. Wannan maganin gajiya ne."

Na daka ta, na zuba a kunu. Ranar nan maza suka yi noma kamar ana korarsu! Daga nan ni da maigida kullum sai mun sha. A nan gabanku muka tsaya muka ce mun rabu da maye, kuka tafa mana. Ba ƙarya muka yi nufi ba, haka muka ɗauka.

Wata safiya Ɗanladi ya yanke jiki ya faɗi a gona, yana fizge-fizge, bakinsa na kumfa. A amalanke muka kai shi bakin titi, daga nan sai asibiti a Gwarzo. Wata ma'aikaciyar jinya ta tambaye ni me yake sha.

Na ce, "Ba ya shan komai, sai kunu."

Da na nuna mata ƙwayar, ta girgiza kai. "Inna, ai kun yi gudun gara kun faɗa gidan zago."

Kaina ya ɗaure! Wadda aka hana na bari, wadda aka sayar mini da rana tsaka ita za ta mai da ni gwauruwa? Na durƙusa a gefen gadonsa, na ce, "Ubangiji, ban ma san me zan roƙa ba. Na kasa gane magani da guba. Ka dai bar mini mijina."

Ya bar mini shi! Halleluya!

Rabuwa da ƙwayar nan mun sha wuya, jiki kamar an yi mana duka. Har yau ban gane yadda aka kife tukunyar giya aka bar keken mai magani yana yawo ba, amma na gode wa Allah. Ku dogara gare shi ko da kanku ya ɗaure.

Bana kunu zalla na dama, 'yan gayya kaɗan suka zo, ciyawa ta cinye rabin gonar. Ga Ɗanladi can a zaune. Maigida, ɗaga hannu su gan ka.