Yadda Aka Ceci Ma'ajiyar Ƙwaina Ba Tare Da An Tsaga Ni Ba

Shugabar wannan taro, shugaban asibiti, likitocinmu da ma'aikatan jinya, iyayena mata, yayyena da ƙannena, da ku mazajen da kuka daure kuka zauna a kujerun baya, assalamu alaikum.

Ina godiya da aka ba ni wannan dama, ni da ba likita ba, malamar firamare. An ce in faɗi abin da ya same ni, to ga shi.

Na daɗe ina jin ciwo a gefen dama na marata, ina shan magani, ina cewa ciwon al'ada ne. Wata safiya ina gaban allo, alli na hannuna, sai na ji kamar an kama wani abu a cikina an murɗe. Na durƙushe ina amai, yara suna ihu. Shugabar makarantarmu ce ta sa ni a motarta ta kawo ni nan.

Da aka ɗauki hoton cikin, likita ta ja kujera ta zauna kusa da ni. Ta ce, "Malama, ƙari mai ruwa ne ya fito a ma'ajiyar ƙwanki, nauyinsa ya sa ta murɗe, jini ba ya isa gare ta. Sai an yi aiki yau."

Jama'a, sabon aure nake, ban taɓa haihuwa ba. Na ce, "Likita, cire mini za ku yi?"

Ta ce, "Ba zan yi miki alkawarin abin da ban gani ba. 'Yan ƙananan huda za mu yi, mu zura kyamara mu duba. In tana da sauran rai, mu warware ta, mu cire ƙarin, mu bar miki abarki. In aikin ya ƙi ta nan, za mu buɗe cikin. Kuma biyu ne a jikin mace, ko ɗaya ce ta rage, ana haihuwa da ita."

Da na farfaɗo, mahaifiyata ta ɗaga mayafin da aka lulluɓe ni da shi tana neman ɗinki, sai ta ga 'yan filasta. Ta ce, "Likita, anya kun yi aikin kuwa?" Likita ta yi dariya ta ce, "Mun yi, Mama. Muna warware ta, muka ga jini yana komawa. Ba mu cire ta ba." Maigidana, wanda ban taɓa ganin hawayensa ba, sai ya juya yana kallon bango.

To 'yan'uwana mata, abu na farko, ku daina haƙuri da ciwon mara. Ni haƙurin nan ne ya kusa cutar da ni. Na biyu, ku tambaya. Ku tambayi wa zai yi aikin, ya saba yin sa, mene ne haɗarinsa, domin ƙanƙantar huda ba ta mai da tiyata wasa ba. Likitan kirki ba ya jin haushin tambaya. Ku kuma maza, in ta ce tana jin ciwo, ku kawo ta.

Na koma aji tun tuni. Na ga wasunku suna leƙen cikina. To, babu komai tukuna! Amma an sake dubawa, duka biyun suna aiki, sauran na Allah ne.

Allah ya saka wa hannuwan da suka yi mini aiki, Allah ya ba waɗanda ke kwance lafiya, Allah ya mai da kowa gidansa cikin aminci.

Na gode.