Ruwan Madarar Jariri

Ina shagon bakin asibiti, ina jiran a kira sunan ɗana, sai wata tsohuwa ta shiga girgiza robobin ruwa ɗaya bayan ɗaya.

"Iya, kada ki hargitsa min kaya," in ji mai shago. "Ga na marmaro, ga tatacce, ga mai gas. Wanne kike so?"

"Wanda ba ya kumfa, ɗan nan. Jiya surukina ya kwaso mai gas, muka haɗa wa jariri madara, ya wuni yana kuka."

"To ɗauki tatacce. Ko likita shi yake sha."

"Likitan ma sai na tafasa masa."

"Haba Iya! Ruwan robar?"

"'Yata na kwance a ciki, ko ɗaukarsa ba ta yi ba tukuna. Lafiyayye ta haifa, lafiyayye zan miƙa mata."