Ranar da Hular Kwano Ta Koma Ka

Assalamu alaikum, mai gabatarwa. Wani tsoho ne daga Kilomita Biyar, in ba ku abin da idona ya gani.

Maƙwabcina Habu, ɗan moto, wato mai haya da babur, ya faɗi a Titin Koudoukou, ya ji rauni a ƙwaƙwalwa. Yanzu ko cokali sai an riƙe masa. Matarsa Ladi ta sa keken ɗinkinta a kasuwa saboda magani, alhali da shi ake cin tuwo a gidan.

Na daɗe ina yi wa 'yan moto faɗa, kullum hular kwano a gwiwar hannu, kamar can ƙwaƙwalwarsu take. Ran Juma'a muna fitowa daga masallaci, sai ga su a jere, kowa ya tara hularsa kamar faranti, suna nema wa Habu kuɗin magani. Ɗaya ya ce, "Baba, ka ce ba ta da amfani a hannu. To, zuba!" Na zuba. Har mata masu tuya suka kwance bakin zane.

Keke bai bar ɗakin Ladi ba. Ikon Allah, da suka juye hulunan, kowa ya kifa tasa a ka kafin ya tayar da moto. Ni dai baki na riƙe.

Masu sauraro, yaya ake sake koya wa hannu riƙon cokali? Ina gaida Habu, Allah ya ƙara sauƙi.