Kuɓewar Yaya Talatu ta bushe, tawa ta ruɓe

Salamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ce Ladi daga Fallowfield, Manchester.

Abin da na fi so a farkon zafin ƙasar nan shi ne shanya kuɓewa, kamar yadda muke yi a gida. Da rana ta fara fitowa, ni da yayata Talatu ta Sparkbrook a Birmingham kowa ta yanka tata. Ita tana da fili a bayan gida, ni kuwa sai bakin tagar flat. Na shanya na tafi aiki, ruwan Manchester ya sauko, na dawo na tarar duk ta zama yauƙi. Ita kuwa kullum sai ta turo hoto, ga faranti a rana, ga ta a kujera tana cin strawberry.

Jiya ta aiko min da dakakkiya, ta bugo ta ce, "Ladi, yi miya da wannan, tunda ranarku ba ta zuwa aiki."

Na yi miyar, kuma ta yi daɗi. Abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Jama'a, in gode mata, ko in ce ba ta iso ba?

Ina gaida duk wanda ruwa ya daka yau a Manchester. Yaya Talatu kuwa, rana ta gaishe ta.