Sabuwar Na'ura, Tsinken Tsohuwa

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, sannu da aiki. Daga Mabera nake rubutowa, kuma raina a ɓace yake.

Innata na da ciwon suga. Ran Litinin na kai ta asibitin gwamnati ba ta karya ba, don da yunwa ake awon. Munka bi layi har hantsi. Da munka shiga, sai nas ta ce, "Inna, yi haƙuri. An sayo sabuwar na'ura, amma tsinken da ake ɗiga jini a kai na tsohuwar anka kawo, ba ya shiga. Tsohuwar kuma an ɗauke ta."

Na ce, "Wa ya tsara wagga sayayya?" Ta ce, "Daga ofis ne, ba wanda ya tambaye mu."

Haba jama'a! Ni bakanike ne, amma ba na sayen filogi ban duba injin ba. Haka Inna ta dawo tana jiri, ba awo.

Masu sauraro, ina zan kai kuka? Litinin mai zuwa da yunwa za ta sake komawa.

Naku, Bashiru mai gyaran babur.