Ƙullin maganin da Mama ta aiko wa Iliya

'Yan'uwa, ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya tara mu a falon nan yau. Ga sababbin zuwa, sunana Bitrus, mutumin Kaltungo ne ni, tayil nake shimfiɗawa a gine-ginen unguwar Shifa. Baba Yohanna, na gode da ka ba ni wannan fili. In kun ji muryata ta sarƙe, ku yi mini haƙuri.

Kujerar can ta kusa da firij wurin zaman ƙanena Iliya ce. Wasunku sun san shi, shi ne mai ɗaga murya a waƙa har sai an taɓa shi an ce ya sassauta saboda maƙwabta. Abin da ba ku sani ba shi ne Iliya yana da sikila. Tun yana ƙarami ni ke goya shi zuwa asibiti in ciwon ya tashi. Ni na nemo masa aikin tuƙi a nan Riyad, a wani kamfanin rarraba ruwan sha. Ranar da zai taso, Mama ta karɓi waya ta ce mini, "Bitrus, ga shi nan a hannunka. Yadda na ba ka shi, haka za ka dawo mini da shi."

Mun ɓoye ciwon, don muna tsoron in mudir ɗinsu, wato manaja, ya ji, zai mayar da shi gida. Ga zafin garin nan, ga sanyin mota, ga ɗaukar manyan robobin ruwa zuwa saman bene. Ciwon ya riƙa tashi a kai a kai. Sai ya cusa tawul a baki don kada abokan ɗakinmu su ji kukansa.

Kun san mu da saƙo. Duk wanda zai zo daga gida sai an ɗora masa kuka da daddawa da yaji, shi kuwa ba zai buɗe ba, don kunya ce ka kwance kayan da uwar wani ta ɗaure. A cikin irin wannan saƙon Mama ta sa wani ɗan ƙulli. Wani mai maganin gargajiya ne ya haɗa mata, garin ganye da citta da kanumfari, ya ce a dafa da madara a sha, na ciwon ƙashi ne. Bawan Allahn da ya ɗauko shi ya wuce filin jirgi bai san abin da ke jakarsa ba. Har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi.

Iliya ya sha, ciwon ya lafa, ya yi barcin da ya daɗe bai yi ba. Na yi murna, har na kira Mama na yi mata godiya.

Malam Habu, abokin ɗakinmu ɗan Katsina, shi ya sunsuna tukunyar wata rana. Ya ja ni gefe ya ce, "Bitrus, wallahi akwai wiwi a cikin abin nan. Ku zubar tun kafin ya kai mu gidan yari gaba ɗaya."

Na tari Iliya da faɗa. Ya ce, "Yaya, ni ba ɗan shaye-shaye ba ne. Magani ne. A wasu ƙasashen likita ne ma ke rubuta wa masu ciwo irin nawa."

Na ce, "Nan ba wasu ƙasashe ba ne, Iliya. Nan Saudiyya ce."

Ya dube ni idonsa ya cika da hawaye, ya ce, "Kai ba ka taɓa jin ƙashinka yana ci da wuta ba."

Ya yi mini alkawari ba zai sha ba sai ranar Juma'a, ranar da ba ya taɓa sitiyari.

Wata Juma'a ya tashi da ciwo, ya ce in zo sujada ni kaɗai. Na zo, na kashe wayata na ajiye a kwandon bakin ƙofa kamar yadda muke yi. Shi kuwa ya dafa abinsa ya sha. Can sai mudir ya kira shi, wai direban da ke aiki ranar bai zo ba, akwai gidan da ruwansu ya ƙare, yalla, ya fito yanzu. Wane ne a cikinmu yake iya ce wa mai riƙe da iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa a ƙasar, a'a? Iliya ya kira ni don in zo in raka shi, ko in karɓi tuƙin. Ya kira, ya sake kira. Ni ina nan ina waƙa, wayata tana cikin kwando a kashe.

A wani shataletale wani mai babur ɗin kai abinci ya shigo gabansa. Iliya ya ce mini daga baya ya ga mutumin sarai, amma ƙafarsa ta yi nauyi, kafin ta kai birki an riga an yi karo. Mutumin ɗan Bangaladash ne, Rafik sunansa. Ƙafarsa ta dama ta ragargaje.

'Yan sanda suka kai Iliya asibiti aka gwada shi, abin ya fito a jininsa. Malam Habu ya raka ni ofishinsu, don ya fi ni Larabci. Na ce ya gaya musu yaron nan ba mashayi ba ne, don ciwo ya sha. Jami'in ya saurara, bai yi mana tsawa ba. Ya ce doka ba ta tambayar dalilin da ya sa mutum ya sha. Ya sha, ya hau titi, ya karya mutum. Haka aka ɗaure Iliya.

Wayyo, 'yan'uwa! Ba ɗaurin ne ya fi tsorata ni ba. Tsorona kada ciwon ya tashi a ciki, babu mai dafa masa ruwan zafi, babu wanda ya san abin da ke damunsa, a wayi gari a kira ni in zo in ɗauki gawa. Ranar da aka bar shi ya kira ni, abin da ya iya faɗa kawai shi ne, "Yaya, ya tashi." Sai layin ya katse.

Na daina zuwa zumunta. Na yi fushi da Ubangiji, ba zan ɓoye muku ba. Na ce masa, a gabanka nake lokacin da yaron nan yake nemana!

Wata rana da tsakar rana ina aiki ni kaɗai a banɗakin wani gida da ba a gama ba. Sai na durƙusa a kan ɗanyen siminti na yi kuka kamar ƙaramin yaro. Na ce, "Yesu, Mama ta ce a hannuna yake, ga shi hannuna ya kasa. Ka karɓe shi. Ba na roƙon a ce bai yi laifi ba, ya yi. Ka bar mini shi da rai kawai." Ban ji wata murya ba. Amma na tashi da ƙarfin yin abubuwan da nake gudu.

Na koma wurin hukuma na faɗi sirrin da muka daɗe muna ɓoyewa, cewa Iliya yana da sikila. Ashe ciwon ya riga ya kai shi ƙasa. Suka ɗauke shi zuwa asibiti aka ƙara masa jini. A yabi Ubangiji!

Sannan na je asibiti a Shumaisi wurin Rafik. Da ya gane ko ni wane ne, ya juya fuskarsa ga bango. Na ci gaba da zuwa. Ba shi da kowa a garin nan, sai na riƙa riƙe shi zuwa banɗaki, ina ɓare masa lemo. Larabcinsa a karye, nawa a karye. Wata rana ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Halas," wato ya wuce. Ya yafe haƙƙinsa a gaban hukuma. Mutumin nan ba zai sake hawa babur ba, da sanda yake tafiya. Ku riƙa sa shi cikin addu'a.

Abin da ya rage shi ne Mama. Na yi ta ce mata Iliya yana aiki a wani gari mai nisa. Sai ta kira ni da murna ta ce ta karɓo masa sabon ƙulli, akwai mai zuwa. Dole na faɗa mata. Sai ta ce, "Bitrus, ni na ɗaure ɗana ke nan?"

Na ce, "A'a Mama, ƙauna ce ta sa kika aiko." Ban sani ba ko ta ji ni, don kuka take yi.

Iliya ya gama wa'adinsa aka mayar da shi gida, ba zai sake shigowa ƙasar nan ba. Ban ma samu na raka shi filin jirgi ba. Ya rame, aikin ya tafi, kuma ya ce har yanzu yana jin ƙarar babur ɗin a kunnensa. Amma jiya Mama ta kira ni ta ce, "Ga shi nan yana cin tuwo." Ta kara wayar kusa da shi, na ji yana cewa a ƙara masa miya.

Na gode wa Yesu! Ban mayar da shi yadda aka ba ni shi ba, amma ya koma da ƙafafunsa.

Ina roƙonku, duk saƙon da aka ba ku, ku kwance ku duba, ko da uwa ce ta ɗaure. Mai ciwo kada ya ɓoye, ya je wurin likita. Wanda kuma nauyi ya fi ƙarfinsa ya miƙa wa Ubangiji, shi hannunsa ba ya kasawa.

Kun ga wayata a aljihu yau, a kunne take. Na roƙi Baba Yohanna ya bar ni, ya kuwa yarda. Ko Iliya zai kira.

Ɗaukaka ta tabbata ga sunan Yesu. Amin.