Baba Ya Bar wa Kifi Ɗakinsa

Assalamu alaikum, mai gabatarwa, barka da aiki. Sabi'u ne daga Zango.

Ƙyanƙyasar tarwaɗa nake yi a akwatunan gilashi, da ita nake riƙe gidanmu. Da sanyin bana ya sauko, ɗakina na bulo ya ɗauki sanyi, 'ya'yan kifin suka daina cin abinci, suka fara mutuwa. Lantarki kuwa ba ya zama.

Mahaifina ya leƙo ya gani, ya ce, "Kwashe su ka kai ɗakina." Nasa ginin ƙasa ne, da gadon ƙasa wanda ake hura wuta a ƙarƙashinsa.

Na ce, "Baba, kai fa?"

Ya ce, "Ni ina da bargo, su ba su da shi."

Kifi sun farfaɗo, amma Baba a ɗakina yake kwana, ga tari ya kama shi. Na roƙe shi ya koma, ya ƙi. Kullum kafin in tambayi jikinsa, ya riga ni da tambayar kifin.

Masu kiwon kifi, don Allah ku ba ni shawara: yaya zan ɗumama ɗakin bulo ba lantarki, ba hayaƙi? So nake in mayar wa tsohona ɗakinsa tun tarin nan bai yi nisa ba.